Tsohon Kati Mai Araha Ko Sabo Mai Tsada: Wanne Ya Dace Da Aikinka, Aljihunka Da Wutar Unguwarku?

Duk wanda ya saba zirga-zirga a shagunan kwamfuta na titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikejan Legas, ya sha ganin irin wannan ciniki. Matashi zai shigo da waya a hannu, ya buɗo hoton wani katin kwamfuta da ya gani a YouTube, ya miƙa wa mai shago. Mai shago zai duba, ya murmusa, ya ce irin wannan sai an yi oda, kuma sai an ajiye kuɗi tukuna.

Daga nan sai ya zura hannu cikin gilashi ya ɗauko wani. Ba shi da kwali, a leda aka naɗe shi, ga 'yar ƙura a fikafikan fankarsa. "Ƙanena, ga wannan. Na hannu ne, amma lafiyarsa lau, kuma zai yi maka aiki."

Sau da yawa katin da ke cikin waya RTX 4090 ne na kamfanin Nvidia, wanda ke cikin leda kuma GTX 1060. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, shekara shida ce tsakaninsu, amma kuɗin guda ɗaya na farkon zai sayi na biyun fiye da goma.

Tambayar wanne za a saya ta daina zama ta 'yan gem kaɗai. Masu tace fina-finai masu dogon zango, masu ɗaukar bidiyon biki, ɗaliban zanen gine-gine, da matasan da ke koyon ƙirƙirarriyar basira, duk sun shigo layi. Sun kuma shigo ne a daidai lokacin da naira ta faɗi, kuɗin wuta da na fetur suka hau.

Aikin da katin yake yi

Kowace kwamfuta tana da farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da komai. Tana da ma'aikata kaɗan, huɗu ko takwas ko goma sha shida, kowanne gwani ne da zai iya aiki mai sarƙaƙiya. Katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, tsarinsa daban ne. Kamar gayya yake a gona: dubban hannuwa, kowa da kunyarsa, a yi shara ɗaya a gama.

Hoton da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne. A ma'aunin 1080p akwai ɗigo kusan miliyan 2, a ma'aunin 4K kuma sama da miliyan 8. Idan ana son motsi ya tafi sumul, sai an sake lissafin launin kowane ɗigo sau 60 a daƙiƙa guda. Wannan shi ne aikin katin.

Abu biyu ke nuna ƙarfinsa: yawan ƙananan ma'aikatan da ke cikinsa, da girman memorinsa, inda yake ajiye kayan aikin da yake sarrafawa. Idan memori ya cika, komai ƙarfin katin sai aiki ya riƙa tsayawa yana ci gaba.

Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a Amurka a 1993, shi ne ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa. AMD na biye da shi, sai Intel da ya shigo daga baya.

Katin da ya ƙi tsufa

GTX 1060 ya fito a watan Yulin 2016 a kan dala 249. Yana da ƙananan ma'aikata 1,280, memori gigabait 6, kuma wat 120 kawai yake sha. Waya ɗaya mai hanci shida ta ishe shi. Akwai ma gajerun samfurinsa da ke shiga ƙaramin akwati ba tare da an cire komai ba.

Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya zo daidai da bukatar mutane. A lokacin, allon 1080p ne a kusan kowane tebur, kuma wannan kati yana tafiyar da yawancin wasannin zamaninsa a kan wannan ma'auni ba tare da gargada ba.

Dandalin sayar da wasanni na Steam yana fitar da ƙididdigar irin kayan da masu amfani da shi ke da su duk wata. GTX 1060 ya zauna a saman wannan jeri kusan shekara biyar, har zuwa ƙarshen 2022 da GTX 1650 ya sauke shi. A duniyar kwamfuta, inda kaya ke tsufa cikin shekara biyu, wannan dogon mulki ne.

Wannan farin jini ya yi masa wani amfani. Tunda miliyoyin mutane na riƙe da shi, masu ƙirƙirar wasanni da manhajoji sun daɗe suna tabbatar da cewa kayansu na tafiya a kansa, don kada su yi asarar masu saye. Har shugaban Nvidia da kansa, a bikin ƙaddamar da sababbin katuna a 2020, sai da ya lallashi masu riƙe da katunan wannan zubi, yana ce musu lokacin sauyawa ya yi. Da yawansu ba su motsa ba.

Zuwan RTX 4090

A watan Oktoban 2022 aka fitar da RTX 4090 a kan dala 1,599. Ƙananan ma'aikatansa 16,384 ne, memorinsa gigabait 24. Taransistocin da ke cikin ƙwayarsa sun haura biliyan 76, alhali na GTX 1060 ba su kai biliyan 5 ba. Saurin da yake kwasar bayanai daga memori ya ninka na tsohon sau biyar.

Ko a hannu ka ɗauke shi za ka san an sauya zamani. Tsawonsa ya kai santimita 30, wasu samfuran sun fi haka, nauyinsa ya haura kilo biyu, kuma yana cinye gurbi uku a bayan akwati. Masu haɗa kwamfuta kan sa masa 'yar madogara a ƙasa don kada nauyinsa ya lanƙwasa babban allon cikin akwati, wanda ake soka katin a jikinsa.

Wutar da yake sha kuwa wat 450 ce idan ya ɗau aiki sosai, kuma kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 850. Magajinsa, RTX 5090, da ya fito a Janairun 2025 a kan dala 1,999, ya ƙara gaba: memori gigabait 32, wuta wat 575.

Bayan ƙarfi, akwai sassa biyu a cikin sabon kati da babu su sam a tsohon. Ɗaya na bin sawun haske ne, yana lissafa yadda haske ke faɗawa kan ruwa ko gilashi ya dawo, har hoto ya yi kama da na gaske. Ɗayan na lissafin ƙirƙirarriyar basira ne. Da shi fasahar DLSS ke zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi, har ma ta ƙirƙiri hotunan cike giɓi tsakanin na ainihi. Tun zubin 2018 Nvidia ya fara sa waɗannan sassa.

Tazarar takarda da tazarar aiki

A lissafin takarda, ƙarfin RTX 4090 ya ninka na GTX 1060 kusan sau 19. Wannan adadi shi ke ruɗar masu saye, domin ba kullum ake ganinsa a aikace ba.

A wasanni masu nauyi a ma'aunin 4K, tazarar ba a magana. Sabon kati na gudu, tsohon ko rarrafe ba ya iya yi. Haka abin yake a manhajojin zane irin su Blender da Lumion, inda aikin da zai cinye wa tsohon kati awanni kan ƙare cikin mintuna.

Amma a ɗauki mai allon 1080p da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wanda wasanninsa ba su wuce ƙwallon ƙafa da GTA V ba. Tsohon kati ya riga ya cika masa wannan allo. Idan ya sa RTX 4090, katin zai iya zana hoto ɗaruruwa a daƙiƙa, amma allon 60 kawai zai nuna. Sauran sun tafi a banza.

Akwai kuma matsalar abokan tafiya. Idan aka ɗora babban kati a kan tsohuwar farosesa, irin na kwamfutocin ofis da ake shigo da su na hannu, katin zai riƙa zaman jiran umarni. Mai shi ya biya miliyoyi, yana cin moriyar rabi ko ƙasa da haka.

Shi ya sa masu haɗa kwamfuta ke cewa ba kati kaɗai ake saye ba. Mai son RTX 4090 sai ya tanadi farosesa ta zamani, babban allo da ya dace da ita, memori wadatacce, akwatin wuta mai inganci, akwati mai faɗi da iska, da allon 4K. Kafin a gama, kuɗin ya kusa ninkawa.

Yadda farashi ya yi tashin gwauron zabo

A 2017, babban katin 'yan gem na Nvidia, GTX 1080 Ti, dala 699 ne. A 2018 wanda ya gaje shi ya kai dala 999. A 2020 RTX 3090 ya zo a kan 1,499. Cikin shekara takwas, zuwa fitowar RTX 5090, kuɗin kati na ƙololuwa ya kusa ninkawa sau uku.

Dalili na farko tsadar ƙera ƙwayar ce. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke buga mafi yawan waɗannan ƙwayoyi, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙanƙanta taransisto, kuɗin bugawa sai ya hau. A 2022 Jensen Huang ya fito fili ya ce zamanin da ake samun ninkin ƙarfi a kan farashi ɗaya ya wuce.

Na biyu haƙar kirifto ce. A 2017, sannan daga 2020 zuwa 2021, masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum sun riƙa kwashe katuna kwali-kwali. Abin ya haɗu da annobar korona da ƙarancin kayan lantarki, har kati ya koma ninki biyu ko uku na farashinsa. Sai a watan Satumban 2022, da Ethereum ya sauya tsarinsa ya daina bukatar katunan, kasuwa ta lafa. Kamfanoni dai sun riga sun gano cewa akwai masu iya biya.

Na uku, kuma mafi girma yanzu, shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun 2012, lokacin da masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna ta AlexNet a kan katunan gem biyu, aka fahimci cewa wannan gayya ta dace da irin lissafin. Bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, manyan kamfanoni suka yi wa Nvidia caa. Darajarsa ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta haura tiriliyan 4 a 2025. Mafi yawan kuɗin shigarsa yanzu daga manyan rumbunan kwamfuta yake fitowa, mai sayen katin gem ya koma ƙaramin kwastoma.

Har siyasa ta shigo ciki. A ƙarshen 2023 Amurka ta hana sayar wa Sin da RTX 4090, sai da kamfanin ya ƙera wani samfuri mai ragaggen ƙarfi domin wannan kasuwa.

A Najeriya, faɗuwar naira ta ƙara wa abin nauyi. A tsakiyar 2016 dala na tsakanin naira 300 da 400, don haka GTX 1060 bai wuce naira dubu 100 ba a lissafin canji, kusan albashin wata biyar ke nan ga mai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 18. Bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa wajen 1,500 a 2024. A wannan canji RTX 4090 ya kama naira miliyan 2 da dubu 400, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mai albashin naira dubu 70 sai ya tara na kusan shekara uku bai taɓa ko sisi ba.

Wuta, zafi da ƙura

Masu gwada katuna a Turai da Amurka ba kasafai suke kawo maganar wuta ba, domin a wurinsu soket ba ya mutuwa. A nan kuwa ita ce tambaya ta farko.

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa sama da naira 200 a kan kowane yunit. Katin da ke shan wat 450, idan ya yi awa takwas yana aiki tuƙuru, ya sha yunit uku da rabi. A wata ya haura naira dubu 20, shi kaɗai, ban da sauran kwamfutar. GTX 1060 a wannan lissafi wajen dubu 6 ne kawai.

Idan aka ɗauke wuta, lissafin ya sake sauyawa. Ƙaramin janareta irin na masu shago da masu cajin waya ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Zai riƙe kwamfuta mai GTX 1060 har da fanka da ƙwan fitila. Kwamfuta mai RTX 4090 kuwa, da ta ɗau nauyi za ka ji muryar injin ta sauya, wuta ta yi ƙasa, allo ya ɗauke. Sai an koma ga babban janareta, ga shi tun cire tallafi a Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mai sola ma sai ya ƙara faifai da batura da babbar infata.

Duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura maki 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska kan zama tanda. Katin da zafinsa ya wuce maki 80 yakan rage gudu da kansa don kare lafiyarsa. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, sai an riƙa buɗewa ana hurawa.

Akwai kuma batun soket ɗin RTX 4090 mai hanci 16. Jim kaɗan bayan fitowarsa aka fara samun rahoton narkewarsa. A Nuwamban 2022 Nvidia ya ce ya san da kusan guda 50, ya kuma danganta abin da rashin tura wayar har ƙarshe. Wanda ya saya a ƙasar da ke da garanti zai mayar a sauya masa. Wanda aka yi wa oda ta hannun ɗan kasuwa, wa zai kama?

Duk da haka, masu goyon bayan babban kati suna da hujja mai ƙarfi a nan. Ƙarfin wutar da yake ja ya fi yawa, amma lokacin da yake ɗauka ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Idan aka auna da yawan aikin da aka kammala, sabon kati ya fi tsohon tattalin wuta. A unguwar da ake kawo wuta awa uku ko huɗu, katin da zai gama fitar da aiki kafin a ɗauke ya fi wanda zai kai rabi a katse shi a koma farko.

Ƙofofin da ake rufe wa tsohon kati

Shekaru da dama, maganin nauyin wasa a kan GTX 1060 shi ne a rage ingancin hoto. A sauke inuwa, a rage kaifi, wasa ya tafi. Fasahar FSR ta AMD, da ta fito a 2021 kuma take aiki har a kan tsofaffin katunan Nvidia, ta ƙara masa kwana.

Yanzu dabarar ta fara ƙarewa. Alan Wake 2, da ya fito a 2023, an gina shi ne a kan wata fasahar zane da katunan 2016 ba su da ita, sai da aka yi masa gyara daga baya. Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 sun wajabta sashen bin sawun haske. Katin da ba shi da shi, ko buɗe su ba zai yi ba.

Memori ma ya zama shinge. Gigabait 6 da ake gani da yawa a 2016 yanzu ƙasa yake da abin da sababbin wasanni da manhajojin tace bidiyo ke nema. Samfurin GTX 1060 mai gigabait 3 kuwa ya fi shiga matsi.

Sai maganar direba, manhajar da ke haɗa kati da kwamfuta. Nvidia ya sanar cewa bayan Oktoban 2025 ya daina fitar wa katunan wannan zubi direbobin da ke daidaita su da sababbin wasanni. Gyaran tsaro kawai zai ci gaba da bayarwa duk wata uku, har zuwa Oktoban 2028. Katin ba zai mutu ranar ba, amma duk sabuwar manhajar da ta zo da matsala a kansa, babu mai gyarawa.

Kowa da inda yake kallo

Masu tace fim su ne suka fi kowa jin wannan tazara. Tun da harkar Kannywood ta karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ana bukatar sabon kashi duk mako. Kyamarori na ɗauka a 4K, gyaran launi a DaVinci Resolve kuma ya dogara ne kacokan a kan kati. Ga situdiyon da ke da aiki a jere, awannin da babban kati ke ragewa kuɗi ne, kuma zai iya mayar da jarinsa.

Wasu editocin kuwa na ganin dabara ta fi ƙarfi. Sukan yi wa bidiyon ƙaramin kwafi mara nauyi, su yi duk yanke-yanken a kansa, sai a ƙarshe su mayar da na ainihi su bar kwamfuta ta kwana tana fitarwa. Da wannan hanya, mai ɗaukar bidiyon biki da ke miƙa aiki a 1080p zai ci gaba da cin abinci da GTX 1060.

Ɗaliban zanen gine-gine a jami'o'i irin su ABU Zariya sun kasu biyu a bukata. Zanen layi a AutoCAD ba ya neman babban kati. Fitar da hoton gini mai kama da gaske, da bishiyoyi da inuwa da hasken yamma, shi ne ke gajiyar da tsohon kati, kuma shi ne abin da mai ba da kwangila ke son gani.

Masu koyon ƙirƙirarriyar basira memori suke bi. Gigabait 24 na ba su damar ɗora manhajojin harshe da na zane a kan kwamfutarsu, abin da gigabait 6 ba zai ɗauka ba sai ƙanana. Amma su ma suna da mafita: hayar kati ta intanet. Dandali irin su Google Colab kan ba da aron kati kyauta na ɗan lokaci, wasu kamfanoni kuma na bayar da haya da awa. Ga ɗalibi, kuɗin data ya fi miliyoyi sauƙi.

'Yan gem kuwa, mafi yawansu a Arewa a waya suke bugawa ko a gidajen gem masu PlayStation. Kuɗin RTX 4090 guda ɗaya ya kai na PlayStation 5 uku a farashin fitowarsu. Mai gidan gem da ya yi wannan lissafi ba zai daɗe yana tunani ba.

Tarkon kasuwar na hannu

Arhar tsohon kati tana da nata haɗari. Katunan da suka yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana sun watsu a duniya bayan 2022. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya ya bushe, memori ya fara ɓata hoto.

Akwai kuma na jabu. Ana ɗaukar katin da ya girmi GTX 1060 da shekaru, a sauya masa bayanan ciki da kwali, kwamfuta ta riƙa nuna sunan da ba nasa ba. Babban kati ma bai tsira ba. Masu gyara a ƙasashe da dama sun nuna RTX 4090 da aka sayar a matsayin na hannu, da aka buɗe sai aka tarar an cire ƙwayar da memorin, saura fanko.

Masu gyara na ba da shawarar kada a biya sai an gwada. A sa katin a kwamfuta a gaban mai saye. A buɗe manhajar GPU-Z a duba ainihin sunan ƙwayar da girman memori, domin tana tona asirin yawancin na jabu. A kunna FurMark ko wani wasa mai nauyi na kusan rabin awa, ana kallon ma'aunin zafi, ana sauraren fanka. Idan ɗigo masu launi ko layuka suka bayyana a allo, a ajiye shi. A duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, a kuma nemi mai shago ya rubuta kwanakin gwaji a rasit.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Muhawarar tsoho da sabo takan ɓoye cewa akwai katuna a tsakani. RTX 3060 na 2021 yana da memori gigabait 12, kuma yanzu ya yawaita a kasuwar na hannu. RTX 4060 na 2023 ya fito a kan dala 299, ƙarfinsa ya ninka na GTX 1060, yana da sababbin sassan nan biyu, kuma wat 115 yake sha, ƙasa da tsohon. Intel ya fitar da Arc B580 a ƙarshen 2024 da gigabait 12 a kan dala 249, daidai farashin da GTX 1060 ya fito da shi. AMD ma na da RX 6600 da ire-irensa.

Ga mafi yawan masu shiga shago da hoton RTX 4090 a waya, amsar tana cikin wannan rukuni. Ƙaramin janareta zai ɗauke su, akwatin wuta mai wat 550 ya ishe yawancinsu, kuma sababbin manhajoji ba su rufe musu ƙofa ba.

Babban kati injin sana'a ne. Ya dace da wanda ke da aikin da zai biya kuɗinsa, da wutar da za ta riƙe shi, da ɗakin da zai sanyaya shi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, zai biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba.

Wanda ke da GTX 1060 a kwamfutarsa kuma yana yi masa aiki, babu dalilin gaggawa. Ya hure ƙura, ya sauya man sanyaya, ya fara tara kuɗi a hankali, tunda gyaran tsaro na nan har 2028. Wanda zai saya yau kuwa, ya sani cewa katin da ya doshi shekara goma yake saye, don haka kada ya biya fiye da abin da zai iya mayarwa cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan ƙarin da ake nema don hawa rukunin tsakiya bai fi ƙarfinsa ba, haƙurin 'yan watanni yana tarawa ya fi masa riba.